Wasiƙa Daga Bakin Tafkin Garda Zuwa Ga Taubashi, Sarkin Keken Gari

Zuwa ga taubashi, mai riƙe da sarautar keke ta gari, wadda shi ya naɗa wa kansa rawaninta.

Bayan gaisuwa mai yawa, tare da fatan Inna da Kawu da dukkan mutanen gida suna lafiya kamar yadda ɗan'uwansu yake lafiya a birnin Brescia na ƙasar Italiya, dalilin rubuta wannan wasiƙa shi ne a warware wata magana da ta yaɗu a gari tun da hoton mai wasiƙa bisa keke ya faɗa wayar taubashi, wanda aka ce ya bi majalisa-majalisa yana nuna shi, yana cewa wanda aka sa ran zai dawo da mota ya ƙare a kan taya biyu. Tun da yake gani ya kori ji, taubashi kuwa iyakar tafiyarsa ita ce kasuwar mako, ya wajaba a yi masa bayani dalla-dalla.

Abin da ya gani a hoton shi ake kira keken hawan dutse, wato keken da aka ƙera domin turbar tsakuwa da kwazazzabo da gangare, kuma asalinsa daga jihar Kalifoniya ta Amurka ne, inda wasu samari suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga dutsen Tamalpais a shekarun 1970. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa, a 1996 kuma tseren keken hawan dutse ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Tayarsa mai faɗi ce mai ƙusoshin roba da ke kama ƙasa, yana da shokozoba, wato na'urar da ke shanye girgiza kafin ta kai ga hannu da ƙugu, yana da birkin faifai wanda ke kamawa ko da taya ta jiƙe, sannan yana da giya barkatai, wato jerin haƙoran ƙarfe manya da ƙanana waɗanda sarƙa ke sauyawa a kansu domin feda ta yi sauƙi a hawa. An kawo wannan bayani ne domin taubashi ya san cewa a duniya akwai kekunan da ake tsayar da su da yatsa, ba sai an goga silifa a taya ba, kuma akwai masu ƙararrawa ta gaskiya, ba sai mahayi ya yi ta ihun a ba shi hanya tun daga bakin rijiya ba.

Wurin da aka ɗauki hoton shi ne tafkin Garda, mafi girma a Italiya, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 370 da zurfin da ya kai mita 346, wanda kansa na arewa ya matse tsakanin duwatsu masu tsayi, inda garin Riva del Garda yake, garin da ya kasance ƙarƙashin mulkin Ostiriya har zuwa 1918. Daga Riva turbar Ponale take tashi, hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse ta gefen yamma na tafkin, bisa himmar wani attajiri mai suna Giacomo Cis, aka gama ta a 1851 domin mutanen kwarin Ledro su samu hanyar sauko da kayansu bakin ruwa. Da aka fasa wa motoci sabon rami a cikin dutse sai aka rufe tsohuwar hanyar, har zuwa 2004 lokacin da aka sake buɗe ta ga masu tafiya a ƙafa da masu keke.

Wanda ya kawo shawarar zuwa wannan turba abokin aikin mai wasiƙa ne a masana'antar ƙarfe, Ba'italiye dattijo mai furfura, wanda ya zo ranar hutu da kekuna biyu a ɗaure a bayan motarsa, abin da ya kamata taubashi ya yi tunani a kansa da kyau, domin a ƙasar nan mota ce ke goyon keke ta kai shi wurin shan iska. Dattijon ya zaɓi a fara hawa da hantsi saboda sanin halin iskar tafkin, wadda take iri biyu: Pelèr, mai busowa daga arewa tun dare har zuwa hantsi, da Ora, mai tasowa daga kudu da tsakar rana, ta yadda wanda ya nufi kudu da safe ya juyo da yamma yakan samu iska a bayansa zuwa da dawowa. Suka sa hular kwano, suka kama hawa a hankali, dutse a dama, ruwa shuɗi can ƙasa a hagu, kwale-kwale masu tafiya da iska sun bazu a kansa, suna ratsa ramukan da aka huda cikin dutse inda sanyi ke dukan fuska, suna rage gudu ga masu tafiya a ƙafa, suna wuce tsofaffin ganuwoyin da sojojin Ostiriya suka haƙa a jikin dutsen, har suka kai ƙauyen Pregasina wanda yake sama da mita 500 daga doron teku.

Ba tsere aka yi ba, ba kuma wanda ya ƙirga minti, domin duk inda numfashi ya yi nauyi sai a jingine kekuna a sha ruwa a ci gaba da hira. A masana'anta ƙarar injin ba ta barin mutum ya ji abokinsa, amma a kan turbar dattijon ya ba da labarin mahaifinsa manomin zaitun, ya tambayi yadda ake noman gero da ruwan damina kaɗai, ya kuma tsare kekuna cikin natsuwa har mai wasiƙa ya idar da sallar azahar a inuwar wata bishiya. Baƙo a ƙasar Turai yakan daɗe tsakanin ɗaki da wurin aiki ba tare da ya san kowa ba, kuma kaɗaici ciwo ne da ba ya bayyana a hoto, saboda haka wuni guda na irin wannan tafiya yana da daraja a wurinsa fiye da yadda na gida za su zata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafar da ke kan feda kuwa ba ta fita daga wannan hukunci ba.

Duk da haka adalci ya sa a ba taubashi haƙƙinsa. Mutanen nan masu motoci suna biyan kuɗi masu yawa, wasu har da keke mai batir, domin su yi gumin da shi yake yi kyauta duk ranar kasuwa, da buhun masara biyu a kan kariyar tsohuwar Ralinsa mai giya ɗaya, a cikin yashi da rana tsaka. Da aka kwatanta wa dattijon wannan aiki sai ya cire hularsa, ya ce mai irin wannan ƙafa zakara ne, aka kuma ɓoye masa cewa zakaran yakan sauka ya tura idan ya zo tudun makabarta, kuma mai facin bakin tasha yana bin sa bashi tun damunar bara.

Hukuncin wannan wasiƙa shi ne keke ba alamar talauci ba ne, abin hawa ne mai tsare lafiya da ƙulla abota, kuma wanda ya riƙe shi ya riƙe abu mai daraja. Saboda haka ana roƙon taubashi ya gyara birkinsa, ya biya mai faci, ya koma majalisun da ya bi ya karanta musu wannan takarda da babbar murya ba tare da tsallake sakin layin da ya shafe shi ba, ya kuma sani cewa nisan teku bai yafe kuɗin sharar watan cika-ciki ba. A gaida Inna da Kawu da amarya da yara, a kuma ci gaba da sa ɗan'uwa cikin addu'a.

Wassalam, daga taubashinsa na Brescia.