Mayafin Wuyan Surukina

Kakana masaƙi ne, shi ya sa da na ga wata Baturiya a YouTube tana saƙa mayafin wuya mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma, na ce ai wannan gadon gidanmu ne. Ban taɓa riƙe ƙoshiya ba, amma gado ai ba a koyonsa. Tun kafin in sayi zare na je gaida surukina, na ce, "Baba, hunturun bana kada ka sayi abin rufe wuya, ni zan saƙa maka da hannuna." A gaban jama'a na faɗa, don yabo ya sami shaidu.

Wani tsohon masaƙi a unguwarmu ya ara mini masaƙarsa. Da ya leƙa wayata sai ya ce, "Ɗana, tamu allera biyu ce. Wannan tana son huɗu ko fiye." Da gaskiyarsa, domin ramukan ba sa fitowa sai zare ya tsallake 'yan'uwansa da dama, a tsaye da a kwance, ya yi wa ramin katanga. Na ce da tsinke zan riƙa ɗaga zaren ɗaya-ɗaya. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin addu'ar da ake yi wa wanda aka gaji da shi.

Zare kuwa iri uku na haɗa, tunda mai basira ba ya tsayawa kan ɗaya: abawa rinin shuni, ulun tumaki na gaske da ƙanena ya aiko daga Ingila, da ulun kasuwa wanda suna kawai ya ara, roba ce zalla. Na kafa masaƙa a ƙofar gida inda kowa zai gan ni. Duk wanda ya yi sallama sai lissafin zare ya ɓace mini, in warware, in sake. Bayana ya ƙage. Yara suka fara kirana Sarkin Masaƙa, ni kuwa, in gaya maka gaskiya, amsawa nake yi.

Da na sauke mayafin, sai ga shi shimfiɗe lafiya lau, babu rami ko ɗaya. Ashe sai an wanke zaren ya tsuke sannan ramukan su zurfafa. Baturiya ta ce ruwa mai ɗumi, a hankali. Ni kuma na yi lissafin masu ilimi: in ɗumi ya ba da rami, tafasasshe ai rijiya zai bayar. Na zuba sabulu, na cuɗa da ƙarfin tuwo. To, ulun tumaki in ya haɗu da zafi da sabulu da cuɗa, dunƙulewa yake yi, kuma ba ya dawowa. Robar ko gezau, sai ta yi ta toroƙo a tsakani. Abawa ta saki shuninta ta rina kowa, har hannuwana. Abin da ya kai gaba guda ya koma kamu, ya nannaɗe kansa. Uwargida ta leƙo, ta koma ɗaki, na ji tana dariya cikin matashi.

Haka na naɗe shi a jarida na kai, hannuwa a aljihu. Surukina ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Sannan ya ɗaga murya: "Hajiya, ga gammon da kike nema, yaron nan ya saƙa miki!"

Na ce, "Ai da ma nata ne, Baba."