Takardar Ƙorafi Zuwa Ga Hadarin Leticia

Zuwa ga Mai Girma Hadari, Sarkin Ruwan Amazon, mai shigowa ba sallama.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an sauka lafiya, ko da yake saukar kam duk gari ya ji ta. Mai wannan takarda baƙo ne a ƙasarka, Bakano mai yi wa wani kamfani na Legas aikin lissafin kuɗi ta intanet. Ya ɗauko kwamfutarsa ya tare a Leticia, can ƙuryar kudancin Kolombiya, saboda wani ya ce masa a nan akwai kwanciyar hankali.

Legas ta riga Leticia da awa shida, don haka taron ƙarfe goma na safe a can, ƙarfe huɗu na asuba ne a nan. Bawanka ya tashi yau, ya sa rigar kirki a kan gajeren wando, ya zauna zai yi wa manyan kamfani bayanin kasafin shekara. Bai gama gaisuwa ba ka iso. Kwanon rufi ya ɗauki kiɗa kamar an tara makaɗan kalangu na unguwa guda a kansa. Fuskar shugaba ta daskare da baki buɗe, daga nan allo ya yi baƙi.

Bawanka ya san yadda kake yin aika-aikarka. Intanet ɗinsa daga tauraron ɗan'adam take saukowa kan faranti a bisa rufi, ɗigon ruwa kuwa in ya yi kauri shanye siginar yake yi kafin ta iso. Wato kai ne kake tsaye tsakaninsa da albashinsa.

Kada a ce ya yi butulci. Ruwa rahama ne, kuma a garinsu har fita roƙonsa ake yi. Amma Kano abin da take samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, cikin 'yan watannin damina, kai kuma kana zazzage sama da 3,000 a nan, babu watan da kake tafiya hutu. Wace irin rahama ce ba ta da ranar Juma'a?

Kuma ina mutum zai gudu? Babu hanyar mota da ta haɗa Leticia da sauran Kolombiya. Ko dai jirgin sama zuwa Bogota, kusan awa biyu, ko jirgin ruwa na kwanaki zuwa Manaus ko Ikitos. Tabatinga ta Brazil tana manne da gari, da ƙafa ake shiga, ba mai tambayar fasfo. Santa Rosa ta Peru kuwa 'yan mintuna ce a kwalekwale. Ƙasa uku, kuɗi iri uku, kai kaɗai ne a kansu duka!

To ina ka shiga a Satumban 2024? Lokacin da kogin Amazon ya janye fiye da yadda aka taɓa aunawa, jirage suka maƙale a yashi, ƙauyukan bakin ruwa suka rasa na sha, ina kake? Garin da wutarsa ta injin dizal ce, man kuma ta kogi yake zuwa, ka bar shi yana leƙen sama. Da ana nemanka ka ɓuya. Yau da bawan Allah yake da taron minti arba'in, ka zo da tsawa, da walƙiya, da dangi.

Sauran yaranka ma ba su bar shi ba. Fumfuna ta cinye babbar rigar Sallah a cikin akwati. Kiyashi sun yi gida a ƙarƙashin madannai. Dubban ƙananan aku da ke sauka a dandalin Santander kowace magariba sun hana kiran waya da yamma. Sauro kam ba a maganarsa.

Buƙata ɗaya ce: ka bar masa huɗu zuwa shida na asuba, Litinin zuwa Juma'a. Ragowar awa ashirin da biyu naka ne, ka yi yadda ka ga dama. In kuwa ruwan ya yi maka yawa ne ka rasa wurin zubarwa, akwai manoman gero a Daura da Damagaram da za su tarbe ka da guɗa, kuma bawanka zai biya kuɗin mota.

Naka, ba don yana so ba,
Baƙon da aka ɗage wa taro zuwa gobe.