Jiki a Makka, Lissafi a Wapa

Kawuna bai taɓa shiri da lissafi ba. Shi ne mutumin da in ka tambaye shi yawan jikokinsa sai ya ce, "Allah dai ya raya." Amma ranar da jirginmu ya sauka a Madina, a hajjin 2024, kafin a buga mana hatimi a fasfo ya riga ya haddace sau ɗari huɗu kamar karatun allo. Tun a Kano aka gaya masa dala tana wajen naira 1,500, dala ɗaya kuma riyal 3.75 ce, wato kowane riyal naira 400 ke nan. Daga nan duk abin da idonsa ya gani sai ya ɗauke shi a zuci ya kai shi Wapa, kasuwar 'yan canji, an auna, kafin hannu ya taɓa.

Guzurin da aka ba kowannenmu a shekarar dala 500 ne, takarda biyar cif. Kawu ya naɗe nasa a leda, ya sa ledar a safa, ya cusa safar a lalita, ya ɗaure lalitar a ƙugu da ƙullin da ko shi kansa sai ya yi minti goma yake kwancewa. Ban ga laifinsa ba. Amurkawa, don rashin tausayin baƙo, sun yi duk takardun kuɗinsu girma ɗaya, dala ɗaya da dala ɗari kamar tagwaye. Kusan kowace shekara sai ka ji wata Hajiya ta haɗu da wani yaro mai ladabi da ya ce, "Kawo in ƙirga miki, Mama," ya miƙo mata takardunta biyar daidai, sai a gaban mai canji ta gano dala biyar take ta tsaro. Saboda haka Kawu ya buɗe makaranta a ɗakinmu. George Washington da Benjamin Franklin ba su shige masa baki ba, sai ya sauƙaƙa: "Ku duba da kyau. Mai sanƙon nan shi ne ɗari. In kuka ga mai gashi kamar auduga, an cuce ku." Har ya iya bambanta sabuwar ɗari mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013, da tsohuwar nan mai ƙaramin kai da 'yan canji ke juyawa suna yatsina fuska kamar an miƙa musu rigar gwanjo.

A kowane masaukin alhazai akwai gwani guda, wanda ya zo Umara sau ɗaya shekara bakwai da suka wuce, don haka ya san garin fiye da masu shi. Namu ya same mu a Makka muna shirin canji a shagon da ke ƙasan masaukinmu a Misfala, inda ake ba da riyal 372 a dala ɗari. Ya riƙe baki. "Haba Alhaji! Kuɗinku ne ya yi muku yawa? Akwai wani wuri can gaba, 374 yake bayarwa." Kawu ya buga lissafi: riyal biyu, naira 800. Ya ce in ɗauko lema.

Mun yi tafiyar da ban yi irinta ba ko a Safa da Marwa. Mun wuce shagon canji shida, kowanne Kawu sai ya leƙa ya ce "Kam?", wanda shi ne rabin Larabcinsa na kasuwa, a nuna masa lamba a na'urar lissafi, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa tayin wulaƙanci a kan sa. Da muka isa, mai shagon ya ba da 373. Kawu ya karɓa da murmushin nasara. Kafin mu fito maƙogwaro ya bushe, muka sha lemon riyal biyar-biyar. Silifarsa ta tsinke, aka sayi wata riyal goma. Ƙafa ta ce ba ta komawa, mai tasi ya karɓi ashirin. Da na fara haɗa masa jimilla sai ya daka mini tsawa: "Kai ɗan nan, ana lissafi da abin da aka kashe a hanyar Allah?"

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne ya ƙi canza kuɗin gaba ɗaya. Takarda ɗaya-ɗaya yake fitarwa, wai wataƙila gobe ta tashi. Na ce, "Kawu, nan ba gida ba ne. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal a jikin dala a kan 3.75, ba ya gaba ba ya baya. Ɗan abin da kake gani yana bambanta ribar mai shago ce." Ya dube ni kallon tausayi. Mutumin da ya ga dala ta tashi daga naira ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati ta haura dubu cikin ƙasa da shekara guda, bayan an saki naira a watan Yunin 2023, wanda ya saba da farashin azahar daban na la'asar daban, ka ce masa akwai kuɗin da ya shekara talatin da takwas a tsaye? Ya ce, "Kuɗin da ba ya motsi ai ba shi da lafiya." Kowace safiya sai ya aike ni in dubo. Kowace safiya in dawo da amsar jiya.

Cutar juya komai zuwa naira kuwa ta kai mu har kujerar wanzami. Mun gama Umara, saura aski a fita daga ihrami. Wanzami ya ce riyal goma. Na ga leɓen Kawu yana motsi, na ɗauka tasbihi ne, ashe sau ɗari huɗu ake bugawa. "Naira dubu huɗu? A wannan kan? Gashin duka nawa ne?" Nan take ya tuna malamin bita ya ce saisaye ma ya halatta. Sai da na rantse ni zan biya ya zauna, yana ta ba wanzamin, wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, labarin yadda a 1980 dala ba ta kai kobo sittin ba, naira ɗaya ta fi riyal biyar, 'yan kasuwar Makka na karɓar ta hannu bibbiyu.

Kada in cika yi wa dattijo dariya, ni ma na taɓa shan nawa kashin, kuma a wurin da ba a buƙatar tafinta. A Maraɗi na zauna teburin mai shayi, na sha, na tambayi kuɗi, ya ce dala talatin. Na ajiye kofi a hankali. Dala talatin, shayi ko da zumar Aljanna aka haɗa shi? Na fara yi masa wa'azin cin amanar baƙo, mutane suka taru, sai wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Malam, daga Najeriya kake ko?" Ashe a Nijar dala tamma biyar ce ta sefa, dala talatin sefa 150 ke nan, jika kuma dubu. Na biya ina sunkuyar da kai. Kuma sefar nan da muka taso muna yi wa kallon takardar ƙunshin ƙosai, ita ma a ɗaure take a jikin yuro tun 1999, kusan 656 a yuro ɗaya, ga shi jika guda ta haura naira dubu biyu. Yanzu Bakano ne ke gyara tsayuwa in Bamaraɗe ya zaro lalita.

Mu koma Makka. A makon ƙarshe wani abin mamaki ya faru: lissafin Kawu ya ɗauke kamar wutar lantarki. Mutumin da ya yi kwana talatin yana raba farantin shinkafa biyu don riyal goma sha biyar naira dubu shida ce, shi ne ya shiga shagunan "kullu shai hamsa riyal", wato komai riyal biyar, ya fito da buhu. Carbi dozin goma, zobba, kwalli, hula, darduma, agogon da ke kiran salla a lokacin da ya ga dama, da wata kyamarar roba mai nuna hoton Ka'aba. Na juya gindin dardumar na nuna masa an rubuta ƙirar Sin ce, na ce irinta tana nan jibge a Kantin Kwari, wataƙila ma da rahusa. Ya ce, "Ta Kwari ta sha iskar Makka?" Ban da amsa. Da aka zo awon kaya jakarsa ta zarce kilo, ya tsaya a gaban ma'auni yana sanya jallabiya uku a jiki, ɗaya kan ɗaya.

Da muka dawo gida lissafin ya dawo, amma ta bayan gida. Yanzu duk wanda ya zo barka da sauka sai an juya masa tsarabarsa zuwa naira a gabansa, da farashin ranar, don ya san nauyin abin da ya karɓa. "Wannan carbin da kake gani, ɗana, in ka buga, ya fi dubu biyu." Ragowar sulallan riyal da halala, waɗanda babu ɗan canjin da zai kalle su, suna cikin wani gwangwanin alewa, jikoki na wasan 'yar kasuwa da su.

Sai daga baya na gano bai canza takarda ta biyar ba. Mai sanƙo guda ya je hajji ya dawo a cikin safa, yanzu yana ƙarƙashin katifa. Tun daga nan kullum da hantsi sai wayata ta yi ƙara: "Ɗana, yau nawa ta kwana a Wapa?" In na ce ta tashi, sai ya ce, "Kai, talaka ya shiga uku," da wata murya mai sanyi irin ta wanda aka yi wa albishir. Ranar Juma'ar da ta wuce muna sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Liman ya roƙi zaman lafiya, Kawu ya ce amin da ƙarfi. Ya roƙi damina mai albarka, amin har sahun gaba suna waiwaye. Da ya ce Allah ya karya farashin dala ya ɗaga darajar naira, masallaci ya ɗauka gaba ɗaya, ni kuwa na kasa kunne ta gefen dama. Tari ne ya sarƙe Kawu, daidai wurin.