Kafin Leda, A Aljihu Kakarka Ke Zuba Shara?

Na san abin da za ku ce, 'yan majalisar bakin tasha: 'yan boko sun ƙoshi, yanzu kuma baƙar leda suka sa wa ido. To, Malam mai gardama, gyara zama. Kakarka ta share tsakar gidan nan na Zagga shekara da shekaru ba ta taɓa ƙulla shara a leda ba, kuma ba mu ji labarin bola ta binne ta ba.

Dabararta ba ɓoyayya ba ce. Sauran tuwo da ƙanzo na kaji ne, ɓawon wake da dusa na akuya. Toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida a tara su a juji, kafin damina jaki ya kwashe a mangala zuwa gona. Abin da ya rage busasshe ne, kwandon kaba ya ishe shi. Yau ma haka take: raba jiƙaƙƙe da busasshe, ka ga ko ledar za ta sami aikin yi. Jiharmu da ake taƙama da ita wajen noman shinkafa kuwa ba a rasa tsohon buhu a cikinta. Rataye shi a ƙusa, in ya cika a juye, a kakkaɓe, a mayar.

Hajiya ta ce ƙazanta? Ranki ya daɗe, tsohon bokiti mai murfi da 'yar toka a gindinsa ya fi ledar da kare zai farke kafin asuba.

Alhaji kuma ya ce ai kyauta ake ba shi ledar. Kyauta ce, sai ranar da tunkiyarka ta lashi maiƙon da ke jiki ta haɗiye. Tumbi ba ya narkar da leda: ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, kana ta sayen magani. Je ka tambayi mahauta irin dunƙulen da suke zarowa. Wadda ta tsira daga tunkiya ta toshe kwata, sauro ya sami gidan haya. In ka cinna mata wuta, yaranka su shaƙi hayaƙin.

Kuma ba sai an je Turai ba. Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Maƙwabtanmu na Benin, nan tsallaken Tsamiya, sun kafa tasu dokar a ƙarshen 2017. Za ka ce har gobe ana ganin leda a kasuwanninsu. Gaskiyarka, shi ya sa ban ce ka jira gwamnati ba. Jandarma ba ya shiga madafi, kai da maiɗakinka ne hukuma a can.

Ranar kasuwa ka nemi mai saƙar kaba, kuɗin kwandon ya tsaya a garinku. In har ya fi tunkiya tsada, zo ka same ni, ni zan cika maka.