Injiniyan Obin

Uwargida ta tafi Zariya bikin ƙanwarta, ta bar mini gida da yara da kaza guda a firiza. Da yamma aka ɗauke wuta, ana kawowa na jera kazar a tire, na murɗa obin zuwa 200, na koma falo ina jiran ƙamshi. Bayan isha'i na leƙa, kaza na nan sanyi ƙalau. Ɗan agogon da ke goshin obin sai ƙyafta lambobi yake yi. Na ce masa ba ta kai nake ba.

Wani zai kira mai gyara. Ni kuwa ina da sukudireba, ina da data. Wani Bature mai gemu a YouTube ya ce in obin ya ƙi zafi, a fara zargin elimen, wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ke yin ja. Na zare fulogi tukuna, don wuta mai bolt 230 ba ta san mai digiri ba. Na kwance bayan obin, na zuba notina a kofin shayi, gefen kwanon ya tsaga mini babban yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Maƙwabcina ya ara mini mitar gwaji. Baturen ya ce lafiyayyen elimen mai wat 2000 zai nuna om 26 ko kusa da haka. Na ɗora wayoyi, mita ta nuna 26 cif. Nan take na gane mitar maƙwabcina ta lalace.

Washegari na nufi kasuwar Sabon Gari da elimen a leda. Mai shagon ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Sannu da zuwa, Injiniya." Daga nan aljihuna ya shiga uku.

"Injiniya, ai kai ma ka sani, elimen ba ya mutuwa shi kaɗai. Tamostat ne ke kashe shi."

Na ce ƙwarai kuwa, dama abin da zan faɗa kenan. Ya haɗa mini da fis ɗin zafi, wanda ke katse wuta in obin ya wuce kima, har da ƙwan fitilar ciki, wai kyauta. Da na yi lissafi a adaidaita na ga ƙwan ma na biya.

Haɗawa ta fi kwancewa wuya. Waya ja, waya shuɗiya, waya ruwan ƙasa, kowace ta rantse nan ne gidanta. Ɗana na riƙe da tocila yana haska mini ƙeya. Da na gama, noti uku suka yi saura a kofi, na yanke hukuncin cewa kamfani ne ya yi almubazzaranci. Na kunna. Fitilar ciki ma ba ta kula ni ba. Yara suka koma garau-garau, kazar kuma matar maƙwabci ta soya mana, cinya ɗaya ba ta dawo ba.

Uwargida na shigowa, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Maigida, wa ya taɓa mini obin?"

Na fara bayanin tamostat. Ta miƙa yatsa ta danna maɓallan agogon, lambobi suka tsaya, fanka ta ɗauka, zafi ya taso.

"Ai irin wannan in aka ɗauke wuta ba ya kamawa sai an saita agogo. Kullum haka nake yi."

Har gobe ina kan bakana: sababbin kayan da na sa ne suka yi aiki, yatsarta ta zo ne a kan gaba. Batun kek ɗinta da ke ƙonewa yanzu, wai don na bar tsinken tamostat yana lilo, wannan magana ce ta fulawar zamani.

Mai bukatar elimen da tamostat da fis, na hannu amma lafiyayyu, ya neme ni, zan yi masa ragi. Sai dai ya zo da sukudirebansa, nawa yana kulle a durowar uwargida.