Darasin Ingilishi a Kurfai

Tun da kundin Nijar na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, malaman Ingilishi suka fara tafiya da ƙasaita. Sai dai wanda aka tura Filinge ta ƙasar Kurfai yana da aiki ja. Zai koya wa ɗalibai kalmomin da ake faɗakarwa da su kan yi wa ƙabilu kuɗin goro, a garin da Bazabarme ke cika baki a kasuwar Lahadi cewa Buzu bawansa ne, Buzun ya rama, su ƙare da shan shayi tare. Wannan taubasantaka UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014. Wato abin da littafi ke hanawa, takardar yabo gare shi.

Babin kewar zamanin da kuwa, ya fi sauƙi. Duk dattijon da aka taɓa zai kawo mulkin Seyni Kountché, ɗan Fandou nan kusa, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da ma'aikaci ke tsoron makara. Yadda ake waiwaye kafin a yi magana a lokacin, wannan ba ya cikin hirar.

Auren ƙabilu kuwa, yaron da uwarsa Bazabarma ce, ubansa Bakurfaye, kakarsa Bafulatana, ba sabon labari za a ba shi ba. Abin da ke kayar da shi a jarrabawa rubutun kalmomin ne.