Wai Kifi Ma Sai an Gina Masa Ɗaki?

Na san me za ku ce, mutanen Ƙaraye. Ku kuwa na Rogo, tun ban buɗe baki ba kun fara ƙyafta wa juna ido: "Kifin ma yanzu gida yake nema? Mu masu zaman haya fa?" To, ku gama dariyar, ina nan.

Tun 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, ruwa ga shi nan iya ganinka. Amma mutumin da ya ja gidan sauro cikin ruwa ya kwashe 'ya'yan karfasa tun ba su kai ɗan yatsa ba, shi ne kan gaba wajen kukan kifi ya ƙare. Malam, ina zai fito? Ai jiya ka soya na baɗi.

Zuba iri ba tsafi ba ne. A ƙyanƙyashe 'ya'yan kifi a wuri irin Bagauda, a kawo a saki. Sai dai in ƙasan ruwa fili ne fetal, ka yi wa manyan tarwaɗa da tsuntsaye walima ne kawai. Shi ya sa ake nitsar da duwatsu da rassan itace, ƙanana su sami maɓoya, gansakuka ta tsiro su yi kiwo.

"Wannan ai aikin Turawa ne!" Haba Alhaji. A tafkin Nokoué da ke gefen Kwatano, masunta sun daɗe suna kafa rassa cikin ruwa, suna kiransa akaja, ba wanda ya koya musu daga Landan. Turawan ma ba kullum suke dacewa ba. Mutanen Florida sun zuba tsofaffin tayoyi wajen miliyan biyu a teku a shekarun 1970, ruwa ya tarwatsa su, aka koma biyan kuɗi ana tsamo su. Don haka mai faci, ajiye tayarka.

In kifi ya yawaita, har masu fatsar nishaɗi za su zo. Saura masu cewa wa zai yi fatsa don nishaɗi ana fama da tsadar masara. Argungu fa? Tun 1934 take tara baƙi da sunan bikin kamun kifi. Ɗan birni zai taso daga Kano ranar Asabar, ya biya kuɗin kwalekwale, ya yini a rana ko ƙurungu bai kama ba, da yamma ya sayi tarwaɗa a hannunku, ya je ya rantse wa uwargida shi ya kamo. Wannan kuɗin ne kuke cewa ba kwa so?